Konkur ɗin ma'aikatar lafiya ko makarantar kuɗi mai shekara biyu: amsa ga Maman Nana

Maman Nana, kin tambaya ko Nana ta nemi karatun jinya ta konkur ɗin ma'aikatar lafiya, wato jarrabawar shiga makarantun jinya, ko ta shiga makarantar kuɗi mai shekara biyu. Ki sa ta zauna konkur ɗin tunda ta samu bak, takardar gama sakandare, ta yi IDE ɗinta na shekara uku, wato difloman jinya ta gwamnati. Waccan makarantar kuɗin mai shekara biyu da kika haɗa su a tambayarki, ki rabu da ita. Dukansu na zuba wa kuɗi, ɗaya don 'yata, ɗaya don ɗan ƙanwata da ya tashi a hannuna, shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

'Yata sai a zama na biyu ta ci, ta shiga makarantar jinya ta gwamnati a nan Garwa. Ta sha wuya, don tun shekarar farko ake tura su asibiti, ga kwanan aiki, ga wankin ciwo, har sai da ta rame. Yau tana wani ƙaramin asibitin ƙauye, irin wanda ake ce wa CSI, can bayan Gidar. Da daminar bara na je mata kwana uku. A dare na biyu aka kawo wata yarinya mai naƙudar fari a kan babur, mijin a gaba, uwar mijin ta tallafe ta ta baya, duk sun jiƙe sharkaf. Babu wuta, ni na riƙe tocila. Na tsaya ina kallon 'yar da na goya tana auna jini, tana sauraren bugun zuciyar ɗan, tana lallashin yarinyar da Fulatanci, ta juyo ta ce mini da Hausa, "Inna, ɗan ɗaga hannunki." Kafin kiran assalatu an samu ɗa namiji. Da hantsi tsohuwar ta dawo da ƙwaryar kindirmo, ta ce da a ce namiji ne ke karɓar haihuwa a wurin, wallahi a ɗaki za su bar ta. Har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Ɗan ƙanwar tawa kuwa, an dai koya masa allura da sa ruwa, ba zan ce bai koyi komai ba. Amma da ya kai takardunsa don yin rajista da Ordre, ƙungiyar ƙasa ta masu wannan sana'a, sai aka tarar makarantar tasa ba ta da izinin ba da wannan shaida. Yanzu yana tsaron shagon wani.

Rajistar nan ba ado ba ce, Hajiya. Tun 1984 Kamaru ke da dokar da ta tsara aikin nas, ungozoma da masu aikin awo, kuma da takardar da hukuma ta yarda da ita ake shiga sahu. A 2011 ma'aikatar lafiya ta yi ƙidayar ma'aikatanta na ƙasa baki ɗaya, aka samu mutum 38,207, kusan kashi biyu cikin uku a asibitocin gwamnati. Abin da ƙidayar ta fito da shi mun riga mun san shi a jikinmu: ƙwararrun sun taru a wajen Yawunde da Duwala, mu na Garwa da Marwa, da yawan jama'armu, mu ne a baya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru da Cadi cikin ƙasashe 57 masu tsananin ƙarancin ma'aikata, waɗanda ba su kai likita, nas da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000 ba. Da irin wannan lissafi ake yanke nawa za a ɗauka da inda za a tura su. Ni da za a ji tawa, da an yi doka ta tilasta maimaita ƙidayar a kai a kai, a rubuta mata nawa ne, su wa ke jin yaren wurin, su wa suka kusa ritaya.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Da an buɗe rajistar konkur za ki ga masu riƙe da jakar takardu suna cewa suna da hanya a Yawunde, a turo sefa dubu kaza ta waya a sa sunan yarinya. Kada ki ba da ko dala. Haka masu makarantar da za su nuna miki farar riga da gadon asibiti ɗaya a ofis. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai da ma'aikatar ta amince da su, su ma ta konkur ɗin ake shiga. Ki je ofishin lafiya na jiha da ƙafarki ki duba ko sunan makarantar na cikin jerin bana.

Ki kuma sani takardar IDE ba ta zuwa da matirikul, wato lambar ma'aikacin gwamnati. 'Yata har yanzu jiran ɗaukar gwamnati take, abin da asibitin ke ba ta a wata bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, in an buɗe ɗauka tana da abin ajiyewa a kan tebur. Tsofaffin tambayoyin da ta yi bita da su suna nan a akwatina, ki turo Nana ranar Asabar bayan la'asar ta karɓa.