Maɗaurin idon sawu na McDavid 195: inda yake aiki da inda ba ya yi

Yawancin targaɗen idon sawu yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyar da ke gaban ƙashin waje ta miƙe ko ta yage. Wannan juyawar ce McDavid 195 yake hanawa. Yadi ne marar kauri mai igiya kamar ta kambas, da maɗaurai biyu masu zagaya dunduniya su hau gefen ƙafa, sai wani mai roba da ke rufe sama. Guda ɗaya yana shiga ƙafar dama ko ta hagu.

Shi aka gwada a wani binciken Jami'ar Wisconsin ta Amurka da aka wallafa a 2011, kan 'yan ƙwallon kwando 1,460 na sakandare. Waɗanda suka ɗaura shi, yawan raunin idon sawunsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba su ɗaura ba. Sai dai ga wanda ya ji rauni yana sanye da shi, tsananin raunin bai ragu ba.

Yawan masu cewa ba ya aiki, a ɗaurin suke kuskure. A sa shi kan safa, kada a kan fata, don gumi da goguwa suna kawo bororo a bayan dunduniya. A zauna, a ɗaga yatsu sama har ƙafa da ƙwauri su yi kusurwa kamar harafin L, sannan a ja igiyar daga ƙasa. In aka ɗaure ƙafa tana lanƙwashe ƙasa, da an miƙe zai matse gaban ƙafa, gefen kuma ya saki. Maɗaurin da ke hawa gefen waje shi ne mai aikin, shi za a ja da ƙarfi. Bayan minti 10 na ɗumama jiki yadin yana ɗan saki, sai a sake ja; nan ya fi filastar da 'yan wasa ke naɗe idon sawu da ita, wadda in ta saki sai dai a warware. Yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, an matse da yawa.

Aibinsa babba shi ne takalmin ƙwallon ƙafa. Mai matse ƙafa ba ya ɗaukarsa sai an sassauta igiya, wani lokaci sai an ƙara lamba. Ƙura da zaren safa suna cika maƙalin da ke manne maɗauran, ya daina kamawa. A wanke da hannu, a shanya a inuwa.

 Bayan targaɗe, wanda bai iya taku 4 ba, ko yana jin zafi in an danna bayan ƙashin idon sawu, hoton ƙashi yake buƙata, kamar yadda ƙa'idar Ottawa, wadda likitoci ke bi don sanin wanda za a yi wa hoton, ta nuna, ba maɗauri ko jan mai ɗori ba. Wanda kuma ƙafarsa ke yawan turguɗewa, likitan gashin ƙashi zai auna shi da tambayoyi 9 na Cumberland, waɗanda Claire Hiller ta Jami'ar Sydney ta tsara, sannan ya haɗa masa maɗaurin da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya na mako 8, tun ido buɗe har a kai ga rufe ido.