Buhunan rataye naman farauta: abin da na gani a tsaunukan Kolorado

Da abokin aikina, wani dattijon Bature da ya tsufa a farauta, ya ce in sayi buhunan nama kafin mu tafi daji farautar elk, dariya na yi. Na biya kusan dala 80 a kan buhu shida ina gunaguni. Ni da na tashi ina ganin ana fiɗar ragon layya a rataye naman a igiya, me buhu zai koya mini?

Elk dai dangin barewa ce, amma namijin yakan haura kilo 300, ka ce gwanki ne. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu. Mun fita a watan Oktoba, kuma da hantsi na yi bisimilla na harbi nawa a wani kwari mai nisa da inda muka bar mota. Sanyin asuba ya ruɗe ni. Kafin azahar rana ta buɗe, korayen ƙudaje suka sauko kamar an yi musu shela.

A nan buhunan suka biya kuɗinsu. Ba mu farke cikin ba, sai muka feɗe gefe ɗaya, muka cire cinya da karfata da naman gadon baya, muka juya dabbar muka yi wa ɗayan gefen haka. Kowane yanki na fita sai cikin buhu. Yadin roba ne mara nauyi, saƙarsa a matse, ƙuda ba ya samun kafar da zai yi ƙwai, amma iska tana ratsawa. Muka rataye su a inuwar itatuwan da ke fuskantar arewa, kusa da rafi. Da la'asar na taɓa cinyar na ji bayanta ya bushe ya yi ɓawo, ba danshi, ba yauƙi. Da leda ce da zafin ya dawo cikin naman ya dafa shi da gumi.

Sai dai kada wanda ya ɗauka buhu firji ne. Jikin dabbar yana kusan digiri 39 lokacin da ta faɗi, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa lafawa sai nama ya sauko wajen digiri 4. Fatar elk bargo ce, ga kauri ga gashi. Na yi nawa wajen feɗe wuyan, na bar shi a ƙasa da fatarsa kusan awa 4 muna fama da cinyoyi. Da na zo kansa, gefen da ke kwance ya fara bashi daga jikin ƙashi. Dattijon ya sunsuna sau ɗaya ya girgiza kai. Laifina ne, ba na buhu ba, amma har yau ina jin ciwon naman nan, don da ya yi farfesun wata guda. Cinyoyin kuwa shi ya sa na tsaga su har ƙashin ƙugu don zafin ya fita, abin da ban taɓa yi wa rago ba.

Ƙorafina biyu ne. Igiyar bakin buhun siririya ce, ba na yarda ta ɗauki cinyar da ta kusa kilo 30, sai da na ƙara tawa. Sannan buhun cinyar ya matse, mutum ɗaya ba ya iya zura ta da ƙashinta sai an riƙe masa baki.

Dokar jihar ta wajabta a fito da ƙafafun huɗu da naman baya da na cikin ƙugu, don haka sawu uku muka yi, na ƙarshe washegari da safe. Buhunan sun kwana a rataye, babu tsutsa ko ɗaya. A gida na jiƙa su a ruwan sanyi na wanke, jinin ya fita sai ɗan shaida a ɗinkin. Huɗu suna cikin jakar farauta, biyu kuma maiɗakina ta riga ta ƙwace su don babbar Sallah.