Hattara da masu sayar da "kulocin tsere" na jabu a Zariya

Jama'a, musamman samarinmu masu ƙara wa mota ƙarfi, a yi hattara. Wasu mutane sun fito da damfara a garin nan, suna tallata kuloci a WhatsApp da TikTok, wai "kulocin tsere, siteji 2", na motar da aka taɓa kwamfutarta ko aka sa mata turbo. Tsakanin Sabon Gari da Samaru sun riga sun cuci mutane, har da ƙanen abokina mai Golf 4.

Suna samun kasuwa ne saboda matsalar ta gaskiya ce. Kulocin da mota ta fito da shi an auna shi ne daidai ƙarfin injinta na asali. In ka ƙara ƙarfin da yawa sai ya fara zamewa: kana giya ta 4 ko ta 5 a titin Kaduna, ka taka totur, inji ya ɗaga murya, amma gudu bai ƙaru ba. Wani lokaci har ƙauri za ka ji.

Abin da suke yi shi ne su tara tsofaffin kuloci 'yan Beljiyam da suka cinye, su ɓamɓare fatar filet ɗin (faifan kulocin da ke kama juyawar inji), su buga wata mai araha, su fesa wa firesha filet (murfin ƙarfen da ke matse filet ɗin) jan fenti, su sa a kwali mai sunan babban kamfani. Na riƙe wanda aka ciro daga Golf ɗin nan da hannuna. Fenti ya hau har kan yatsun firesha filet, kuma a ƙarƙashinsa ga zoben da rilis biyarin (abin da ke danna yatsun in ka taka kuloci) ya ci a fili. Ribit ɗin da ke riƙe fatar, wani ya nutse, wani ya taso. Da na girgiza filet ɗin sai sifirin ɗin tsakiya suka yi ta kacau-kacau. Wannan ne aka karɓi kuɗin sabo a kansa, har da ƙari! Tsohon firesha filet ba shi da sauran ƙarfin matsewa, saboda haka ba a jima ba ya koma zamewa, zafi ya ƙona fulawil (faifan ƙarfen inji da filet ke manne wa) ta yi shuɗi-shuɗi. Da ƙanen abokin nawa ya koma wurinsu, cewa aka yi shi ne ke ɗora ƙafa a kan kuloci.

Abin takaici, akwai bakaniken da ke haɗa baki da su. A motar da kulocinta na waya ne, wato wayar ƙarfe ce ke haɗa feda da kulocin, ɗaure wayar fiye da kima kaɗai na iya sa lafiyayyen kuloci ya zame, sai a ce maka ya mutu, a ba ka lambar mai kaya. Ka taɓa fedar da hannu: a irin waɗannan motocin ya kamata ta ɗan yi wasa kafin ta kama.

Kafin ka biya kowa, gwada da kanka a fili inda babu mutane. Ja burkin hannu, sa giya ta 3 ko ta 4, ɗan taka totur, ka saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, kulocin na kamawa. In injin ya ci gaba da aiki, kulocin na zamewa. Kada ka yi ta maimaitawa, don gwajin ma na cin filet. Kuma mota mai ƙarfi kan iya cin wannan gwaji amma ta zame a babbar giya kan titi, to a gwada duka biyun.

In an sauke giyabos don canza kuloci, tsaya a wurin. A duba ko baƙin mai na yoyo daga oyil sil (robar da ke tare mai) na bayan inji, domin in mai ya jiƙa filet, ko sabon kulocin kamfanin Sachs ko Exedy na gaskiya ka sa zai zame. A buɗe kwalin a gabanka, lambar jikin kayan ta dace da ta kwali, a ba ka rasit, ka karɓi tsohon kayanka.

Wanda ya riga ya tura musu kuɗi ya adana shaidar tiransifa da hirarsu, ya ajiye kulocin da aka ciro, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa.