Mita ta ce lafiya lau, amma ba a jin magana

Wata bakwai ke nan ina aiki da wata manhajar auna ƙarfin sauti, irin wadda ake ɗorawa a ƙarshen layi kafin shiri ya tafi gidan talabijin. Yawancin aikina na 5.1 ne: lasifika uku a gaba, biyu a baya, sai ta gurnanin ƙasa. Abin da ya kai ni nemanta shi ne an taɓa dawo mini da shiri ɗaya har sau biyu, wai ƙararsa ta wuce ƙa'ida, alhali tsohuwar mitata ko leƙa ja ba ta yi ba. Ashe ƙololuwar sauti kawai take gani, ba ruwanta da abin da kunne ke ji.

Sabuwar tana bin ma'aunin ƙarfin sauti na ƙasa da ƙasa, ITU-R BS.1770, da ya fara fitowa a 2006. Tana tace sauti yadda zai yi kusa da jin ɗan Adam, ta ƙara wa lasifikan baya nauyin kusan desibel 1.5, ta kuma fitar da tashar gurnani daga lissafi gaba ɗaya. Lamba uku take nunawa: ta milisakan 400, ta daƙiƙa 3, da ta shirin tun daga farko har ƙarshe. Idan aikin na Turai ne sai ka zaɓi ƙa'idar EBU R128, wato ƙarfin shirin ya tsaya a -23 LUFS (awon ƙarfin sauti yadda kunne ke ji) da ƙololuwar da ba ta haura -1 dBTP (awon ƙololuwar sauti) ba. Idan na Amurka ne ka koma ATSC A/85, -24 LKFS. Kada sunayen su ruɗa ka, LUFS da LKFS ɗanjuma ne da ɗanjummai. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi, tun da na fara amfani da ita ba a sake dawo mini da shiri saboda lamba ba.

Inda ta biya ni shi ne wajen auna magana ita kaɗai. Akwai wani wasan kwaikwayo da na haɗa, a ciki mutum biyu suna hira ƙasa-ƙasa cikin mota, ruwan sama na dukan rufi ta lasifikan baya, kiɗa na bi a hankali ta hagu da dama. Lambar shirin ta tsaya cak a -23.0, har na fara naɗe tabarma. Da na kunna ma'aunin magana sai na ga tana yawo wajen -30, raɗar da ke cikin motar kuma ta faɗi ƙasa da haka sosai. Dalilin a fili yake: lissafin yana zubar da duk abin da ke ƙasa da -70, sannan ya sake zubar da wanda ya gaza matsakaicin shirin da LU 10, wato tazarar desibel 10. Ke nan raɗar nan ba ta ma shiga ƙidaya ba, tsawa da kiɗa ne suka cika lambar.

A sitidiyo ina jin kowace kalma, saboda muryoyin suna da lasifikarsu ta tsakiya su kaɗai. Sai na danna maɓallin da ke naɗe tashoshin zuwa sitiriyo, na saurara ta wata ƙaramar talabijin da nake ajiyewa a gefe don irin wannan. A nan ake rage tashar tsakiya da desibel 3 a raba ta hagu da dama, ruwan da ke baya kuma ya zo ya hau kanta. Leɓe na motsi, kunne sai shaaa. Ban ɗaga muryoyin da yawa ba, ruwan na ja baya da desibel 4 duk inda ake magana, na kuma rage wa kiɗan tsakiyar sautinsa inda yake gogayya da murya. Na fahimci abin da ya sa Netflix ta ɗora nata ma'aunin, -27 LKFS, a kan magana.

Tana da nata aibin. Mai gano maganar yakan ɗauki waƙa, wani lokaci har busar sarewa, a matsayin hira, don haka a shirin kiɗa ba na sakin jiki da lambarsa. Na biyu ya fi ba ni haushi. Wata rana fayil ya zo da jerin tashoshi irin na fim, L C R Ls Rs LFE (hagu, tsakiya, dama, hagun baya, daman baya, gurnani), ita kuma tana jiran L R C LFE Ls Rs. Sai ta yar da lasifikar baya ta hagu a zaton gurnani ce, ta ƙirga gurnanin har da ƙarin nauyi, kuma ba ta ce uffan ba. Rabin yini na kashe ina gyaran abin da bai lalace ba.

Yanzu kafin na kalli kowace lamba sai na kunna tashoshin ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar murya na fitowa daga inda mitar ke kira tsakiya.