Sharhi: Asabar shida da masu aikin sa kai a gandun itatuwan Yamai

Ni mutumin Tawa ne, amma 'ya'yana duk a Yamai aka haife su, kuma abin da ya sa na rubuta sunan biyu daga cikinsu a wannan shiri shi ne wata rana da muka je ganin gida, babban ya tsaya gindin aduwa ya tambayi kakarsa ko magarya ce. Tsohuwa ta yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Saboda haka da na ji labarin wata ƙungiyar matasa da ke shirya fita kowace Asabar a lokacin babban hutu, ana koya wa yara sanin itatuwa da tsuntsaye, iyaye kuma suna ba da hannu wajen dashe da kwashe shara, ban yi wata-wata ba. Mun halarci Asabar shida daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, daga baya na koma ni kaɗai cikin Nuwamba domin in ga abin da ya rage.

Wurin da ake aikin shi ne gandun da ake kira Ceinture Verte da Faransanci, wanda aka soma dasawa a shekarar 1965 domin ya zama garkuwa ga birnin daga iska da ƙura. An tsara shi ya yi tsawon kilomita wajen 25 da faɗin kilomita guda, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa dogon yaro ne, itacen da asalinsa daga ƙasar Indiya aka kawo shi. Wanda ya san gandun a da zai ga yadda gine-gine da juji suka ci shi ta gefe da gefe, har akwai wuraren da baƙar leda ta fi ganye yawa a ƙasa.

Abin da ya fi kome daraja a shirin shi ne dattijon da ke jagorantar zagayen, wani tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya, wanda yara ke kira Baba. Ba ya riƙe takarda, kuma ba ya soma magana sai ya kai yara gindin itacen, ya sa sun taɓa ɓawonsa, sun murza ganyensa sun shinshina, sa'an nan ya faɗi sunansa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Ranar da muka isa ga wani gawo guda da ke bakin gandun, ya tambaye su dalilin da ya sa kowane itace ya yi kore shar amma wannan yana tsaye tsirara kamar ya mutu. Da suka kasa amsawa sai ya bayyana musu cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma su ne abincin awaki a lokacin da babu ciyawa. Daga nan ya ba su labarin sassaben zamani, wato dabarar da manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun shekarun 1980, inda ake barin tohon da ke fitowa daga tsohon kututture ana gyara shi har ya zama itace, dabarar da ta maido da itatuwa a gonakin da faɗinsu ya kai hekta miliyan biyar. Na girma ina ganin ana yin haka, amma ban taɓa jin an bayyana shi da sauƙi irin na wannan rana ba.

Game da namun daji, duk wanda ya zo da tsammanin ganin manya zai koma da takaici, domin raƙuman dawa suna Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, giwaye da ɓauna kuwa sai gandun namun daji na W da ke kudu da Yamai. Dattijon bai ɓoye wannan ba, kuma ya mai da hankalin yara ga abin da ke gabansu: shamuwa da ke zuwa da farkon damina, balbela a bayan shanu, cilakowa, kurciya, kurege, da hawainiya guda da ta tsayar da zagayen kusan rabin sa'a saboda babu yaron da ya yarda ya matsa. Ya koya musu su yi shiru na ɗan lokaci su ƙidaya muryoyin tsuntsayen da suka ji. Tabaron hangen nesa ɗaya ne kacal ga yara kusan talatin, abin da ya jawo rigima kowace Asabar, amma 'yata ta dawo gida tana bambanta kukan kurciya da na hasbiya, wanda ni kaina sai na yi tunani kafin in yi.

Inda shirin ya gaza shi ne wajen dashe, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne aikin da aka tara mu dominsa. An sa babban dashen a Asabar mafi kusa da 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, wadda kuma ake dasa itatuwa a duk faɗin ƙasa. An zo da riguna masu tambari da lasifika da masu ɗaukar hoto, amma diga da shebur ba su kai goma ba, ramukan da aka haƙa cikin gaggawa ba su wuce tsawon tafin hannu ba, kuma na ga an binne dashe da ledarsa ba a yage ta ba. Rukuninmu ya dasa guda arba'in, bagaruwa da aduwa da 'yan kuka, zaɓin da na yaba ƙwarai tunda ba a ƙara mana dogon yaro ba. Sai dai ba a yi wa ko ɗaya shinge ba, ba a yi musu rami mai siffar rabin wata irin wanda ake yi a ƙasar Adar domin tare ruwan sama ba, kuma da na tambayi shugaban matasan wanda zai riƙa ban ruwa idan damina ta ɗauke, sai ya ce mini Allah zai raya su. Na ja dattijon gefe na maimaita tambayar, ya girgiza kai ya ce, “Malam, na faɗa musu tun farko, dashe kwana ɗaya ne, raino shekara biyu ne, amma kuɗin da suka samu na kwana ɗayan ne.” Ruwan Yamai yana ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba, kuma daga nan ƙaramin itace sai ya jure watanni takwas na rani, da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da haƙorin akuya.

Kuɗin shiga jika biyu ne ga kowane yaro na dukan makonnin, kuma ko don darussan dattijon kaɗai sun cancanta. Ana ba da ruwan sha, amma ba a cika lokaci ba, domin an ce ƙarfe bakwai, sau biyu kuwa sai bayan takwas aka soma, rana ta riga ta ɗaga. Iyayen da za su kai yara su sa musu takalmi rufaffe saboda ƙaya da fasassun kwalabe.

Da na koma cikin Nuwamba na bi layin da muka dasa ina ƙidayawa, na tarar da guda tara ne ke da rai a cikin arba'in, bakwai daga cikinsu aduwa. Sauran awaki sun cinye wasu, wasu sun bushe a tsaye. Na sari ƙayar magarya na kewaye waɗanda suka tsira, kuma tun daga lokacin, kowace Asabar da safe ni da babban yaron muna ɗora jarkoki biyu masu lita 25 a kan babur mu kai musu ruwa. Makon jiya shi ya riga ni gane cewa ɗaya daga cikin kukokin, wadda na ɗauka ta mutu, ganye kawai ta zubar, domin da ya kankare ɓawonta da farce sai ga kore a ciki.