Gargaɗi ga masu neman gidan haya: dillalin bogi ya cinye mana kuɗin hayar wata 6

Ina rubuta wannan ne cikin ɓacin rai da kunya, domin ban taɓa zaton za a damfare ni a kan gidan da na shiga da ƙafata ba. Kuɗin hayar wata 6 ya karɓa, har da la'adarsa, kuɗin da ni da maiɗakina muka daɗe muna tsimi daga albashinmu.

Da makulli a hannunsa ya zo, kuma abin da ya kasa fita daga raina ke nan. Shi ya buɗe ƙofar, ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki, ya kunna famfo don mu ga akwai ruwa, har yarana suka fara zaɓen inda za su kwanta. Wane ne zai ga makulli a hannun mutum ya yi masa zargi? Ban yi sakaci ba, na nemi takardar yarjejeniya da rasit, ya ba ni duka biyun.

Kafin wannan, mai gidan da muke ciki ya ƙara mana kuɗin haya, da muka kasa biya sai ya ba mu wa'adin tashi, ga gidajen da ma'aikaci zai iya kamawa sun yi ƙaranci. Ni da bakina na faɗa wa dillalin halin da muke ciki, shi kuwa ya yi amfani da shi, ya ce mai gidan da za mu kama ya yi tafiya, kuma akwai wasu da za su biya kafin dare. Na lura sunan da ke kan asusun bankin ba nasa ba ne, ya ce na mai gidan ne, na tura.

Ranar da muka je da kaya muka tarar an canza kwaɗo, ga wasu iyalai 2 a tsaye riƙe da rasit irin namu. Ashe tun jajibirin ranar wayarsa a kashe take. Kuɗin wata 6 cur, da la'ada a kai!

Kada ku biya ko kafin alƙalami sai kun ga mai gida ido da ido da takardun mallakarsa. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma zan saka hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin. Wa'adinmu saura kwana 9.