Littafin saƙo ko gurup ɗin WhatsApp: amsa ga Malama mai firamare a Gusau

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Kin ce makarantarki na da yara wajen 200, sabon zango ya ƙarato, kina neman wanda ya fi tsakanin buɗe wa iyaye gurup ɗin WhatsApp da raba wa kowane yaro littafin saƙo. Ki ɗauki littafin. Gurup ɗin ya biyo baya a matsayin ɗan rakiya, amma kada ki ɗora masa nauyin makaranta.

Ki duba wanda ke riƙe da babbar waya a yawancin gidajenmu. Maigida ne, shi kuwa ya fita kasuwa ko ofis ko gona tun da sassafe, wani ma yana Legas ko Abuja wajen nema. Wadda ke yi wa yaro wanka, ta sa masa yunifom, ta zuba masa abin karin kumallo a kwano, ƙaramar waya ce a hannunta, in ma akwai. Saƙon da ya ce gobe a zo da kayan wasanni, ko an sauya lokacin tashi saboda azumi, ita ce ke bukatarsa. Littafi yana shiga har ɗakinta cikin jakar ɗanta. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, kowace uwa nata saƙon zai iske ta, babu zancen an faɗa wa wance ba a faɗa mini ba. Sannan mu a Zamfara mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jiha saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba tes ba data. Har yau akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun sabis. Takarda ba ta neman caji, ba ruwanta da sabis.

Ga yadda ake tsara shi. Littafin rubutu na yau da kullum mai falle 40 ya isa, kada ki kashe kuɗi wajen bugo na musamman. Falle 40 shafi 80 ke nan. Zango yana ɗaukar kusan mako 13, zango uku mako 39, in kin ba kowane mako shafi biyu masu kallon juna, littafi ɗaya zai kai yaro ƙarshen shekara. Shafin hagu na makaranta, na dama na gida. Kafin a raba, malamin aji ya sa wa shafukan lamba da biro daga 1 har ƙarshe. Wannan ƙaramin aiki shi ke tona yaron da ya yage shafin da aka rubuta laifinsa. A sa wa littafin rigar leda saboda zangon farko yana farawa da sauran damina, ga kuma robar ruwa da ke tsiyaya cikin jaka.

Shafin farko a cike shi a gaban uba ko uwa ranar da suka kawo yaro: cikakken suna, aji, sunan wanda ke riƙonsa, lambar waya biyu na mutum biyu daban, unguwa da kwatancen gida, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. A ƙasa a bar layi uku na lafiya. In yaro yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, a rubuta, da abin da ake yi masa idan ta tashi. Iyaye da yawa ba za su faɗa ba sai an tambaye su a keɓe, don haka kada a yi wannan tambayar a tsakiyar layi.

Inda makarantu ke faɗuwa shi ne su ce malami ya rubuta saƙo da hannunsa cikin littafi 50. Mako biyu zai yi ya gaji, daga nan littafin ya mutu. 'Yan aji 4 zuwa 6 su kwafa da kansu daga allo, malami ya zaga ya sa hannu, ya zama har da darasin rubutu. Na aji 1 zuwa 3 a buga saƙon sau huɗu a takarda ɗaya, a yi fotokwafi, a yanka, a manna da gam. In ƙananan sun kai 100, takarda 25 ke nan a mako. Ki tsayar da rana ɗaya da ba ta sauyawa. Alhamis ta fi, domin Juma'a ana tashi da wuri kowa na sauri. Littafi ya tafi Alhamis, ya dawo Litinin da sa hannun gida. Wadda ba ta rubutun boko ta rubuta da ajami, ko ta dangwala yatsa, ko yayan yaron ya karanta mata ya rubuta abin da ta ce. Da wuya a rasa malamin da ke karanta ajami a makarantar Gusau.

A nan ne daɗin littafin yake. Malamar aji biyu ta buɗe shafin dama da safiyar Litinin, ta tarar da layi biyu na ajami da fensir, harafin ya ɗan karkace: ya kwana da zazzaɓi, ya sha magani, don Allah kada a sa shi shara cikin rana. Ta ɗaga kai ta dubi yaron, ta mayar da shi bencin da ke kusa da taga. Uwar nan ba za ta taɓa rubuta wannan a gurup mai mutum 200 ba, ko da tana ciki. Sai dai a kula, in littafi ya zama na kai ƙara kawai, yara za su riƙa ɓatar da shi. Duk mako biyu malami ya rubuta abu ɗaya mai kyau da ya gani, ko da cewa yau ta karanta layi uku ba tare da an taya ta ba.

Saƙon farkon zango ya ƙunshi ranar dawowa, lokacin shiga da tashi, kuɗin makaranta da ranar ƙarshe ta biya, littattafan da za a saya da waɗanda na bara za su yi, ranar wasanni, ranar taron iyaye da malamai, makon jarrabawa da ranar karɓar sakamako. Kada ki sa kwanan wata sai kin ga jadawalin ma'aikatar ilimi ta jiha da idonki, domin sauya rana bayan an sanar yana zubar da ƙimar makaranta. Duk kuɗin da aka karɓa a rubuta lambar rasit a littafin yaro, a buga hatimi.

WhatsApp kuwa yana da sauri, ban hana shi wannan ba, kuma saƙon murya na taimakon wanda ba ya karatu. Iyakarsa ke nan. In kin bar shi a buɗe, kafin mako ya zagayo sanarwarki ta nutse ƙarƙashin barka da Juma'a, tallan atamfa da jita-jitar an ga wasu a bayan gari, wadda kan sa iyaye su yo ca a bakin ƙofa da tsakar rana. Kowa a gurup yana ganin lambar kowa, shi ya sa magidanta da yawa ba sa yarda a sa matansu. Idan za ki buɗe, ki saita shi admin kaɗai ke aika saƙo, admin ɗin kada su wuce biyu, layin kuma na makaranta ne ba na wani malami da zai iya barin aiki ya tafi da shi ba. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Kada a sa sunayen waɗanda ake bi bashi, kada a sa hotunan yara, kada a sa rana da hanyar da za a bi in za a fita da su. Hoton fuskar waya (screenshot) ɗaya ya isa ya kai maganar inda ba ki so. Wasu za su ce ki yi amfani da jerin watsa saƙo na WhatsApp (broadcast), wanda ke aika wa kowa saƙon shi kaɗai, maimakon gurup. Mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki a wayarsa.

Ranar gaggawa, kamar a ce a zo a ɗauki yara yanzu, tes ya fi su duka, domin yana shiga ƙaramar waya. Shafin tes ɗaya harafi 160 ne. Amma da zarar kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko alamar ₦, sai ya koma 70, saƙon da ya kamata ya zama shafi ɗaya ya zama uku. In shafi naira 6 ne, iyaye 200 naira 1,200 ke nan, da harafi mai lanƙwasa guda ɗaya sai ya koma 3,600. Ki rubuta da k, d, b na fili, ki rubuta naira da haruffa.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa, domin farkon zango kakar masu yawo makaranta-makaranta ce. Za su zo da kwamfuta su nuna miki manhajar makaranta mai ƙyalli, su ce iyaye za su ga komai a waya, ki biya kuɗin shekara gaba ɗaya. Ki tambaye su makaranta biyu a Gusau da suka cika shekara suna amfani da ita, ki je da ƙafarki ki tambaya. Ki tambayi wa ke riƙe da sunaye da lambobin iyaye in kun rabu. Masu sayar da tes na bai-ɗaya kuma, wato tes ɗaya da ake aika wa mutane da yawa a lokaci guda, wasunsu za su nuna miki an aika alhali bai shiga ba, saboda layuka da yawa suna kan DND, tsarin hukumar NCC na toshe saƙonnin talla da ake kunnawa ta lambar 2442. Kafin ki biya, ki ba shi lambobi goma na malamanki, a haɗa MTN da Airtel da Glo, ya aika kina tsaye, ki ƙirga wayoyin da suka yi ƙara. Ya ƙi gwaji, ki sallame shi.

Akwai kuma masu sace WhatsApp. Za a kira admin a ce daga ofishin ilimi ne, an turo masa lamba shida ta shiga taro, ya karanto. Alhali lambar shiga WhatsApp ɗinsa ce, yana karantowa sun ƙwace WhatsApp ɗin, su sa sabuwar lambar asusu a gurup su ce nan za a biya kuɗin makaranta. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake sa wa WhatsApp, a wayar makaranta tun yau. Lambar asusun makaranta kuma a buga ta a bangon cikin littafin kowane yaro da hatimi, a rubuta ƙarƙashinta cewa ba ta sauyawa ta waya.

Ki sayi littattafan a dozin wajen masu sari, 200 dozin 17 ne har da rarar huɗu na sababbin shiga. Ki ƙirga fallen biyu ko uku a gaban mai shago, domin akan samu wanda aka rubuta 40 a bango, ciki bai kai ba. Ki tara malamai kwana biyu kafin a dawo su sa lambar shafi su rufe da leda, ranar farko kowane yaro ya koma gida da nasa.